Wane salatif ne zai jure zafin Garwa a ɗakin ɗaukar murya?

Ɗan Yelwa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wurin masu sani. Ina haɗa ɗan ƙaramin ɗakin ɗaukar murya a cikin ɗakina a nan Garwa, saboda tallace-tallacen da nake yi wa 'yan kasuwa da Hausa da Fulatanci. Faɗinsa mita 1.2, tsawonsa mita 1.5, tsayinsa mita 2. Jikinsa filawud ne, ta ciki na manna soso. Duk mahaɗar filawud ɗin na bi ta da salatif ɗin nan mai ruwan toka, mai zare a jikinsa, wanda masu shago ke cewa in ya kama ba ya saki. Lokacin hunturu na manna shi. Yanzu da zafi ya shigo duk ya fara ɗagowa, gam ɗinsa ya yi danƙo yana ɓata mini hannu, soson ma yana faɗowa. Ga ƙarar injin markaɗen maƙwabtanmu da ta 'yan kilando, wato 'yan acaɓa, duk tana shiga makirfo. Wane salatif zan saya wanda zai shekara bai saki ba?

Ɗan Kusiri:
Wa alaikumus salam. Ka ninka shi sau uku kawai, ni haka nake yi wa kwalayen kayana kuma har Njamena suke zuwa lafiya.

Mai Gyaran Sanyi:
Ɗan Kusiri, kwali kwana nawa yake yi a hanya? Wannan ana maganar abin da zai zauna ƙarƙashin kwano ne tun daga Maris har faɗuwar damina. Ɗan Yelwa, ƙanena, ɗakin naka akwai silin ko kwano ne tsirara?

Ɗan Yelwa:
Kwano ne Yaya, babu silin. Saman ɗakin muryar bai fi kamu biyu tsakaninsa da kwanon ba.

Mai Gyaran Sanyi:
To ga matsalarka nan. A Maris da Afrilu zafin Garwa yana kaiwa digiri 40 a inuwa, kwanon da rana ke duka kuwa yana iya wuce 60. Gam ɗin da ke jikin wannan salatif mai ruwan toka na roba ne. Da farko yana kamawa da ƙarfi, shi ya sa masu shago ke yabonsa, amma in ya sha zafi sai ya yi laushi ya zame, daga baya ya bushe ya zama gari, zaren ya rabu da shi. Mu masu aikin na'urar sanyaya ɗaki mun daɗe da sallamarsa. Ba a nan kaɗai ba: a 1998 masu bincike a ɗakin gwaji na Lawrence Berkeley da ke Amurka sun gwada abubuwan toshe mahaɗar bututun iska iri-iri, suna hura musu zafi da sanyi, kuma wannan salatif mai zare shi ne ya fi kowanne saurin saki. Abin dariyar, sunan bututun iska aka laƙaba masa da Turanci, wato duct tape, ake sayar da shi.

Wanda nake aiki da shi shi ne salatif na alminiyam, mai takarda a bayansa da ake ɓarewa kafin a manna. Ka nemi wanda gam ɗinsa na akirilik ne, ka duba jikin kwalin ko cikin zoben, nagarin yakan rubuta iyakar zafin da yake ɗauka. Akirilik ba ya kamawa nan take kamar na roba, sannu a hankali yake shiga, amma zafi da rana ba sa cin sa da wuri. Sai dai ka lura, akwai wani mai ƙyalli a kasuwa wanda leda ce aka shafa wa ruwan azurfa. Ka yage ɗan guntu ka murƙushe shi a hannu. In ya zauna a murƙushe alminiyam ne, in ya miƙe leda ce, ka ajiye musu kayansu.

Baba Tsohon Rediyo:
Duk abin da mai gyaran sanyi ya faɗa gaskiya ne, amma ɗana, ni tsorona kada ka sayi salatif mai tsada ka manna, sannan ka ji injin markaɗen yana nan daram a cikin aikinka, ka ce an cuce ka. Salatif ba ya tare sauti. Ko wane iri ne. Nauyinsa nawa yake?

Abu uku ne ke tare sauti: nauyin bango, rashin kafar da iska za ta bi, da raba jikin ɗakin da ginin da ke kewaye da shi. Ƙa'idar da muka koya ita ce duk sanda ka ninka nauyin bango, ka ƙara rage ƙara da kusan desibel 6 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara). Filawud siriri ba shi da nauyin da zai tsaya wa inji. Soson da ka manna kuma aikinsa daban, yana shanye amsa-kuwwar muryarka ne a ciki don kada ta yi kamar daga cikin randa kake magana. Abin da ke zuwa daga waje ratsa soso yake ya wuce.

Inda salatif ke da amfani shi ne na biyun, wato toshe kafa, kuma ko nan mataimaki ne. Amma kada ka raina kafa. In ramukan da ke jikin ɗakin suka kai kashi 1 cikin 100 na faɗin bangonsa, to komai kaurin bangon ba zai rage maka fiye da desibel 20 ba. Lissafi ne, ba ra'ayina ba. Ka shiga da tocila da daddare, ka rufe ƙofa, wani ya tsaya a waje cikin duhu. Duk inda haske ya fito, nan injin markaɗe ke shigowa.

Ɗan Yelwa:
Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. To in ba salatif ba, da me zan toshe mahaɗar?

Kafintan Domayo:
Da mastik, malam. Irin na cikin kwalbar roba da ake matsawa da bindiga, duk shagon kayan gini a Marwa akwai shi, na san Garwa ma ba za a rasa ba. Ka cika tsagar da shi tun kafin ka ɗaure katakon, ka ɗaure da sukuru ya matse shi, abin da ya ɓullo ka share da yatsa. Bayan ya bushe sai ka bi sama da salatif ɗin alminiyam in kana so. Ni a wurina ma sai in ɗora siririn katako a kan mahaɗar in kafe shi, shi ke nan ko salatif ya yi niyyar ɗagowa babu hanya. Abin da ƙusa ta riƙe zafi ba ya kwance shi.

Kuma filawud yana motsi. Da hunturu ya bushe ya tsuke, da damina ya sha laima ya kumbura. In ka sa abin da ke ƙandarewa a mahaɗar, kamar gam ɗin katako ko filar masu fenti, shekara ɗaya zai tsage. Dole abin da ka sa ya zama mai ɗan laushi har abada.

Mai Gyaran Sanyi:
Silikon kake nufi ko akirilik? Don silikon fenti ba ya kama shi, kuma salatif ma ba ya zama a kansa.

Kafintan Domayo:
Akirilik a inda za a manna wani abu a kai. Silikon a ƙasa, wajen da ɗakin ya haɗu da daɓe.

Magini daga Njamena:
Ku yi haƙuri in shigo. Ina karanta ku tun ɗazu ina mamaki. Kuɗin filawud, kuɗin mastik, kuɗin salatif ɗin Turai, kuɗin soso, duk don a tare ƙarar da bulo zai tare ba tare da an roƙe shi ba? Ɗan Yelwa, ka sami kusurwar ɗakinka, bango biyu suna nan a tsaye kyauta. Ka ja biyu da bulo mai santimita 15, ka cika ramukan da yashi ko kankare, a yi masa shafe ciki da waje. Shafen nan shi ne salatif ɗinka, ba ya ɗagowa. In siminti ya yi maka tsada, tubalin ƙasa ma ya isa. Kakanninmu da ke kwana a ɗakin ƙasa mai kauri ba sa jin abin da ake yi a tsakar gida, ga sanyi da rana.

Ɗan Yelwa:
Maigida, gidan haya nake. In na ja bulo a ɗakin mutane, ranar da zan tashi fa?

Magini daga Njamena:
To wannan kuma wata magana ce. Da ka faɗa tun farko.

Baba Tsohon Rediyo:
Magini yana da gaskiya a kan nauyi, amma akwai inda zan saɓa masa ko da gidan na yaron ne. Injin markaɗe ba ta iska kaɗai yake zuwa ba, yana girgiza ƙasa, girgizar ta bi daɓe ta hau bango. In ka jingina ɗakin murya da bangon da ke kusa da injin, bangon da kansa zai riƙa yi maka gurnani a kunne. Gara ɗaki a cikin ɗaki, wanda bai taɓa bango ko ɗaya ba, ko da tazarar yatsu huɗu ce, kuma a ɗora shi a kan roba. Guntayen tsohuwar tayar mota suna yi.

Tunda haya kake, ɗana, ka ƙara wa filawud ɗinka nauyi. Allon filasta da ake silin da shi, wanda ake kira BA13, kaurinsa milimita 12.5 ne, kowace murabba'in mita tana da nauyin kusan kilo 9. Ka sa biyu a kan juna, amma kada mahaɗar na farko ta faɗo daidai da ta na biyu, ka goce su. In ka yi haka, rabin aikin da kake nema wa salatif ya ƙare, don babu tsagar da ta ratsa daga waje har ciki.

Magini daga Njamena:
Baba, da girmanka, allon nan daga Duwala yake tasowa, ya hau jirgin ƙasa zuwa Ngaundere ko ya biyo babbar mota, kafin ya iso Garwa kusurwoyinsa sun farfashe kuɗinsa ya ninku. Yashi kuwa ga kogin Binuwai nan a bayan gari. Ya yi bango biyu na filawud da tazara a tsakani ya zuba busasshen yashi. Ranar tashi ya buɗe ƙasa ya kwashe.

Kafintan Domayo:
Yashi zai tura filawud ɗin ya yi ciki, sai an sa katakai kusa da kusa. Kuma ta ƙaramar kafa yake tsiyaya, kullum ana shara. Ana yi, amma ba aikin mai koyo ba ne.

'Yar Ngaundere:
Sannunku da ƙoƙari. Ni karatun littattafai nake ɗauka ina sawa a YouTube, kuma matsalata ta fi kama da rabin tambayarsa na biyu, wato soson da ke faɗowa. Mu nan ba mu da zafinku, muna kan tudu, amma damina tana da tsawo, laima ke kwance mana komai. Salatif mai fuska biyu na gwada, bai zauna a jikin soso ba sam, don soso duk ramuka ne, babu inda gam zai kama. Abin da ya yi mini shi ne na bar manna soso a bango. Kafinta ya yi mini firam na katako, muka cusa soson a ciki, muka ja atamfa a kai muka kafe ta da ƙananan ƙusoshi ta baya, sai na rataye kamar hoto. In na so in sauya wuri sai in sauke. Ba gam, ba wari.

Ɗan Kusiri:
Hajiya, ni na ga wani ya yi da kwalin ƙwai, ya manna da gam ɗin masu takalma, kuma ya yi kyau a hoto.

'Yar Ngaundere:
A hoto kam zai yi kyau. Kyankyasai ma za su yaba.

Baba Tsohon Rediyo:
Kwalin ƙwai ba ya tare komai, kama kawai ya yi da soson situdiyo a ido. Amma tunda an ambaci soso da gam, bari in faɗi abin da ya fi salatif muhimmanci. Soson katifa makamashi ne. A watan Fabrairun 2003 wani gidan rawa a jihar Rhode Island ta Amurka ya kama da wuta, mutum 100 suka mutu, kuma abin da ya hura wutar shi ne soson da aka manna a bango don rage ƙara. Cikin 'yan mintuna hayaƙi ya cika wurin. Kai kuma za ka shiga akwatin da faɗinsa bai kai mita 2 ba, mai ƙofa ɗaya, kewaye da soso. Don haka kada wayar wuta ta bi ta bayan soso, kada ka yi haɗin waya da baƙin salatif a ciki, kada ka sa ƙwan fitila mai zafi, kuma in an ɗauke wuta kada ka kuskura ka shiga da kyandir. Sakatar ƙofa ta zama wadda turawa ɗaya za ta buɗe daga ciki.

In da hali, audugar gilashi ko ta dutse ta fi soso, tana shanye sauti sosai kuma ba ta cin wuta. Sai dai a rufe ta da yadi, a sa safar hannu da takunkumi wajen aikinta, tana ƙaiƙayi.

Ɗan Kusiri:
Ga auduga a Garwa, garin kamfanin auduga na Sodecoton, ya cusa ta kawai mana.

Baba Tsohon Rediyo:
Tana shanye sauti, amma ita ma wuta na son ta, ɓeraye ma haka.

Ɗan Yelwa:
Wallahi na ƙaru. Amma Yaya mai gyaran sanyi, in koma kan salatif ɗin. Na je shago ɗazu, an nuna mini wani mai alminiyam a sama, mai kauri, baƙi ta ciki, wanda ake liƙe kwano mai yoyo da shi. Mai shagon ya ce ya fi wanda ka faɗa nauyi, zai fi tare ƙara. Shi ne ko wani?

Mai Gyaran Sanyi:
Wani ne, kuma iri biyu ne masu kama da juna. Akwai na kwalta, akwai na butil. Ka ɓare ɗan gefe ka sansana. Na kwalta warin titi yake yi, in zafi ya buge shi yana narkewa ya zubo, kuma a ɗan akwatin da babu iska warin zai hana ka numfashi. Kada ka kai shi ciki ko kyauta aka ba ka. Na butil yawanci toka-toka ne ko baƙi, ba shi da wannan warin, yana jan jiki kamar cingam kuma shekaru yana nan da laushinsa. Wannan yana da kyau ƙwarai a mahaɗa, musamman in ka sa shi tsakanin katako biyu ka matse da sukuru. Aibinsa ɗaya: ranar da ka so cirewa za ka yi da-na-sanin saninsa.

Ko wanne ka saya, yadda za ka manna ya fi sunan kamfanin muhimmanci. Ƙurar hunturu ita ce babbar abokiyar gabar gam. Ka ce lokacin hunturu ka manna na farkon, ina kyautata zaton a kan ƙura ka manna shi. Ka kankare tsohon gam ɗin tas, ka goge wurin da alkol na kantin magani, ka bari ya bushe. In filawud ɗin tsirara ne, ka shafa masa fenti ko banish tukuna, don gam ba ya son katako mai gari-gari. Ka manna da safe kafin katako ya ɗau zafi, kada ka ja salatif ɗin yana miƙewa, sannan ka bi shi da gindin cokali kana dannawa da ƙarfi. Irin wannan gam da dannawa yake kamawa. Kamfanin 3M ma ya rubuta game da salatif ɗinsa na VHB cewa sai bayan awa 72 yake kai cikakken ƙarfinsa. Don haka kada ka manna yau ka rataya masa kaya yau.

Kafintan Domayo:
Ƙari a kan wannan: in za ka shimfiɗa ledar ɗaki a ƙasa ko a bango don ƙarin nauyi, kada ka haɗa bakinta da salatif mai gam ɗin roba. Akwai wani mai a jikin ledar da ke sa ta laushi, yana fitowa a hankali ya narkar da gam ɗin ya koma kamar kunu. Nan ma akirilik ko butil.

'Yar Ngaundere:
Ku dai kuna ta toshe masa kafofi, ba wanda ya tambayi ta ina zai sha iska. Ni a Ngaundere ma ba na iya dogon zama a nawa. Shi a Garwa, a Afrilu, ƙarƙashin kwano?

Baba Tsohon Rediyo:
'Yata ta taɓo inda ke ciwo. Mutum a zaune yana fitar da zafin da ya kai na ƙwan fitila mai wat 100, ga numfashi yana cika wurin. Dole a yi kafar shiga da ta fita, amma ba rami kai tsaye ba. Ana yin akwati dogo a jikin bango ta waje, a raba cikinsa da alluna yadda iska za ta yi ta kwana kafin ta shiga, a lulluɓe cikin da abin shanye sauti. Iska tana iya bin kwana, ƙara kuwa tana raguwa a kowace kwana. Sai a sa ƙaramar fanka irin ta cikin kwamfuta a bakin waje. A nan ne salatif ɗin alminiyam zai yi maka aikin da aka ƙera shi dominsa. Kwamfutarka kuma ta zauna a waje, waya kawai za ta shiga, ramin wayar a toshe shi da mastik.

Magini daga Njamena:
Har yanzu ina nan kan bakana. Kafin ya gama wannan duka, da ya je ya yi magana da mai injin markaɗe sun raba lokaci. Bayan isha'i wa ke markaɗe?

Ɗan Yelwa:
Maigida, bayan isha'i janareton mai shagon caji ke karɓar aiki in babu wuta.

Magini daga Njamena:
To Allah ya ba ka haƙuri.

Kafintan Domayo:
Ba a yi maganar ƙofa ba, kuma na tabbata in ya yi gwajin tocilar Baba, ta nan haske zai fi fitowa. Ƙofa ba a liƙe ta da salatif tunda kullum buɗe ta ake. Ka je wurin masu sayar da kayan tsofaffin motoci ka sayi robar bakin ƙofar mota, an yi ta ne don rana da zafi. Ka yi wa firam ɗin dakali ta kowane gefe har ƙasa, ka kafe robar a kai da ƙananan ƙusoshi, kada ka dogara da gam ɗin bayanta. In ka rufe, ka sa takarda a tsakani ka ja. In ta zare cikin sauƙi, wurin bai matse ba. Siririn soson nan mai gam da ake sayarwa a naɗe, na bakin taga, wata biyu ya lanƙwashe ya daina dawowa.

Ɗan Yelwa:
Ƙofar tawa filawud guda ne, mai milimita 8. In na ƙara mata allon filasta biyu kamar bango, hinjin zai ɗauka kuwa?

Kafintan Domayo:
Guda nawa ka sa?

Ɗan Yelwa:
Biyu, ƙanana, irin na kabad.

Kafintan Domayo:
Ba za su ɗauka ba. Ka sa uku manya irin na ƙofar ɗaki, ka ɗaure su a jikin katakon firam, ba a jikin filawud ba. Ka turo mini hoton firam ɗin ta gefe in ga kaurinsa kafin ka sayi komai.